Rubutu Mai Kauri

Yayarmu ta daina cin abinci bayan rasuwar 'yarta. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ƙasa ba, ba kuma wanda ya ji wata kalma daga bakinta da za a ce ta yi jayayya da hukuncin Allah. Duk wanda ya shigo gaisuwa ya ce mata ya haƙuri, sai ta ce da godiya, ta yi masa addu'ar komawa gida lafiya. Abinci ne dai ba ya wucewa.

Mu uku ne a ɗakinmu: ita, ni, sai Auta. Mahaifiyarmu ta rasu Auta bai fara tafiya ba, don haka a bayan Yaya ya girma, ni kuma a hannunta na sha duka da tuwo. Ni na gaji allon mahaifinmu a Aujara, ina karantarwa, ina kuma yin rubutun sha ga wanda ya nema. Auta boko ya yi. Yana koyar da adabin Turanci a wata sakandare a Dutse, gidansa yana unguwar Takur. Ni ina fara rubutu daga dama, shi daga hagu, kuma tun muna yara ba mu cika haɗuwa a tsakiya ba.

Marigayiyar ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yan Yaya, kuma a unguwarmu take aure. Zazzaɓi ta yi, aka kai ta asibiti, kwananta ya ƙare. Ranar sadakar bakwai aka daka gumba, aka toya waina, Yaya da kanta ta zauna tana duba rabo, tana cewa a ƙara wa gidan wane, kada a manta da gidan wance. Ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Muka ce zafin mutuwa ne, zai sake ta. Baƙi suka watse, bai sake ta ba. Aka kawo fura ta ce ta ƙoshi. Aka kawo farfesu ta ce a ba yara. Na zauna na yi mata nasiha a kan haƙƙin da jiki yake da shi a kan mai shi, ta saurare ni har na gama.

"Malam Ƙarami," in ji ta, don haka take kira na, tunda Malam babba shi ne mahaifinmu, "duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Ba ƙi nake ba. Maƙogwaron ne ya rufe."

Da ta fara yin salla a zaune, Auta ya zo da mota muka ɗauke ta zuwa asibiti a Dutse. Aka yi mata ƙarin ruwa. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce ruwan leda ba ya maye gurbin abinci. Ta ce mu tafi gida mu gwada, in lokacin dawowa ya yi ba ta fara ci ba, za a kwantar da ita a sa mata roba ta hanci a riƙa ɗura mata. Yaya ta ce duk ranar da aka sa mata roba a hanci za ta zare ta, ta koma Aujara ko da ƙafa ne. Likitar ta yi murmushi. Mu ba mu yi ba, don mun san ta.

Muka sauka a gidan Auta saboda kusa da asibiti. Matarsa, wadda Yaya ke kira Amarya duk da cewa babbar 'yarsu ta kusa gama sakandare, ta dafa duk abin da ta iya, har da waɗanda ta koya a waya. Kwanuka suna shiga ɗaki suna fitowa yadda suka shiga.

Abu ɗaya Yaya ba ta taɓa mayarwa ba, shi ne rubutu. Na zo da allona da tawadata, kullum bayan asuba ina rubuta mata ayoyin waraka, in wanke a ƙaramar ƙwarya in kai mata. Sai ta gyara mayafi, ta yi bisimilla, ta shanye tas. A gidanmu haka muka tashi: ba a cewa an ƙoshi da ayar Allah. Sai dai ruwan tawada ba ya riƙe ciki.

Wata rana bayan la'asar muna zaune ni da Auta a kan tabarma a ƙofar gida. Can sai ya ce, "Malam, ka san mutanen Girka?"

"Yunanawa? Na san su a littattafan ɗibbu, ilimin maganin mutanen da. Masu cewa jikin mutum zafi ne da sanyi da danshi da bushewa."

"Su ne. Kafin su kai ga ɗibbu, gumaka gare su."

"A'uzu billahi."

"Labari ne, Malam. Ban ce ka yi musu mubaya'a ba."

Na ce ya faɗa, tunda magariba da saura.

Ya ce su a tatsuniyoyinsu gumakan nan a kan wani dutse suke zaune. Na ɗaga kai na dubi duwatsun da suka kewaye garin, ya ce nasu ya fi namu tsawo. Ya ce suna da wani abinci da wani abin sha nasu na musamman, masu ƙamshi, waɗanda ke hana tsufa da mutuwa, kuma ba a ba ɗan Adam sai wanda suka ga dama. Na ce abin bautar da sai ya ci abinci kafin ya rayu ai shi ma mabuƙaci ne, gara ya zo mu haɗa sahu. Ya ce in mutane za su yi musu yanka, sai su yanka sa, su naɗe ƙasusuwa da kitse su ƙona, hayaƙi ya tafi sama, su kuma su zauna su cinye tsokar. Na ce ashe mutanen ba su kai wautar da na zata ba. Ya ce kafin su sha abu sai sun zubar da kaɗan a ƙasa, rabon gumaka da matattu. Na ce wannan kuma almubazzaranci ne.

"Ka bari in kai inda za ni," in ji Auta.

Ya ce cikin gumakan akwai wata da suke cewa ita ke kula da hatsi. Tana da 'ya ɗaya. Wata rana ƙasa ta tsage, mai mulkin matattu ya fito ya ɗauke yarinyar ya shige da ita. Uwar ta bazama nema. Ta daina ci, ta daina sha, har abincin nan nasu mai hana mutuwa ta ƙi taɓawa. Ta rikiɗa ta zama tsohuwa, ta sauka a wani gida a matsayin baƙuwa, ta zauna ta rufe fuska ba ta magana. Matar gidan ta kawo mata giya, ta ƙi.

"Wannan na yaba mata," na ce.

"Sai baƙuwar ta ce in dai za ta sha wani abu, a dama mata garin sha'ir, wani hatsi dangin alkama, da ruwa, a sa ɗan ganye mai ƙamshi irin na'a-na'a. Aka dama, ta sha. Da shi ta karya. Daga baya mutanen garin suka mai da shi ibada: sai su yi azumi, su sha ruwa da wannan haɗin, tunawa da ita."

"Wato farau-farau."

"Kusan haka."

"Duk wannan doguwar hanya ka bi da ni don ka kawo ni ga farau-farau? Yaya ta ƙi farau-farau tun a Aujara."

Amma abin bai bar ni ba. Gumakan ban ɗauke su komai ba, Allah Shi ne shaida. Abin da ya tsaya mini shi ne sha'ir ɗin, don na tuna a hadisi ma an ambaci wani kunu na sha'ir da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa, ya sanyaya masa zuciya. Na sha karantar da wurin, ban taɓa ganin sha'ir da idona ba. Na ce a raina, ashe har waɗanda ba su san Allah ba sun lura cewa mai baƙin ciki ba da tuwo yake farawa ba.

Auta ya ce, "Malam, ita waccan ta ƙi komai sai abu ɗaya. Tamu ma ta ƙi komai sai abu ɗaya." Ya dubi allona da ke jingine a bango.

Na gane inda ya dosa. Na ce sai na yi tunani.

Tunanin bai yi tsawo ba. Ana haɗa rubutu da zuma, ana haɗa shi da nono, mahaifinmu ya sha yin haka. Gari kuwa abinci ne mai tsarki, ba najasa ba. Na kafa sharaɗi ɗaya: ba za a yi wa Yaya ƙarya ba. In na ce mata ga rubutu, to lallai akwai rubutu a ciki.

Auta ya zaga kasuwa neman sha'ir. Wani ya nuna masa alkama, wani ya tambaye shi ko sunan magani ne. Muka koma ga gero. Na'a-na'a kuwa a wurin mai shayin bakin titi aka samo. Amarya ta jiƙa geron, ta kai niƙa, ta tace gasara. Da safe na wanke allo kamar kullum, ta zuba ɗan abin da bai fi cikin cokali ba, ta motsa. Na kai.

"Yaya, ga rubutu."

Ta gyara mayafi, ta yi bisimilla, ta shanye. Ta ɗan tsaya tana motsa baki.

Washegari aka ƙara. Rana ta uku aka sake ƙarawa, aka ɗan dafa shi. Na kuma ce wa Yaya yanzu rubutun safe da rana da yamma ne, ta ce Allah Ya ba da lada. A nan matsala ta ɓullo, wadda ba mu hango ba. Rubutu baƙi ne. Gasara fara ce. Da gari ya fara yawa sai abin ya koma ruwan toka, sannan ya fara haske, har ya zama duk mai ido zai ga koko ne aka ɗiga wa wani abu.

Auta ya ce abu mai sauƙi, a tsiyaya tawada kai tsaye daga kurtu.

"Tawadar da ba ta zama harafi ba?" na ce. "Wannan gawayi ne da ƙaro kawai."

"Ai da ka rubuta ma wankewa kake yi, Malam. Ya koma gawayi da ƙaro."

"Ya koma bayan ya je."

"Ina ya je?"

"Kai dai ka je ka koyar da Turancinka."

Saboda haka hanya ɗaya ta rage. In ana so baƙin ya rinjayi farin, sai a ƙara rubutu. Na bar gajerun ayoyi na koma dogaye. Na cika gaban allo na juya bayansa. Allo ɗaya ya kasa, na ari wasu a wurin limamin unguwar, wanda ya tambaye ni ko makaranta zan buɗe a Takur. Tawadar da na zo da ita ta ƙare. Gidan Auta da gas ake girki, gindin tukunyarsu fes yake, babu baƙin da za a kankare, sai da aka sayo gawayi na daka, na dafa da ƙaro a bayan gida. Ina idar da sallar asuba nake zama, kafin in gama na safe lokacin na rana ya matso. Amarya kuwa, da ta ga ana shanyewa, sai hannunta ya saki. Ta fara sa madara. Ta sa gyaɗa. Duk abin da ta ƙara fari ne, duk farin da ta ƙara kuwa a wuyan hannuna yake ƙarewa.

"Amarya, ki tausaya mini," na ce mata. "Madarar jiya sura guda ta ci."

"Malam, to in sa dabino? Shi ai da duhu."

Aka koma dabino. Na samu sauƙi kaɗan.

Yaya tana sha. Wani lokaci takan yi magana ɗaya. Ran nan ta ce, "Malam Ƙarami, rubutun yau da ɗumi." Na ce sanyi ba shi da kyau ga mai rauni. Wata rana ta ce, "Wannan ayar da ƙamshin shayi take." Na ce na'a-na'a ce, ana haɗawa. Ta ce to. Ta fara tashi salla a tsaye, tana dafa bango. Ni da Auta muka riƙa wuce juna a tsakar gida ba ma haɗa ido, kamar waɗanda suka saci akuya tare. Amma tuwo da shinkafa suna nan yadda suke, ba ta kallon su, ranar komawa asibiti kuma tana matsowa. Ni kuwa yatsuna sun fara ƙin riƙe alƙalami. Wuyan hannun ya kumbura, na ɗaure shi da tsumma, ina saukar da hannun riga a kai in zan shiga ɗakinta.

Ana gobe za mu koma wurin likita, Amarya ta zage ta yi wanda ya fi na kullum. Na wanke alluna duka a ciki, abin ya fito launin hadarin damina. Da na karkata ƙwaryar sai na ga ba ya gudu. Dole aka sa ludayi. Na ɗauka da hannun hagu na shiga.

"Yaya, ga rubutu."

Ta dubi ƙwaryar. Ta ɗaga ludayin, ta sake shi, ya tsaya a tsaye a tsakiya bai faɗi ba. Muka zuba masa ido ni da ita.

"A zamanin Baba," in ji ta, "ba a shan rubutu da ludayi."

"Zamani ya canja, Yaya."

"Miƙo hannunka."

Na miƙa na hagu.

"Ɗayan."

Ta janye hannun rigar, ta kwance tsumman, ta daɗe tana kallo. Ta danna wurin da yatsa, na yi ƙoƙari ban yi ƙara ba.

"Kira mini Auta. Wannan ba dabararka ba ce. Kai ba ka da wayon nan."

Auta ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa, mutum mai furfura a gemu, kamar an kama shi da hannu a tukunyar miya. Amarya ta laɓe a bayan labule, ƙafafunta a waje.

"A ina ka samo wannan?"

"A littafi, Yaya."

"Wane littafi ne ya ce a dama ayar Allah da gyaɗa?"

"Gyaɗar ba ta cikin littafin," in ji labule.

Auta ya rasa mafita, sai ya ba ta labarin kamar yadda ya ba ni, yana sassautawa. Da ya zo wurin da ƙasa ta tsage aka ɗauke yarinyar, na yi masa ido ya tsallake, amma Yaya ta ce ya ci gaba. Ya faɗi yadda uwar ta ƙi ci, da giyar da ta ƙi, da sha'ir ɗin da ta sha. Ya tsaya a nan.

"Sai me ya faru? An ba ta 'yarta?"

"An ba ta, amma ba duka ba. Uwar ta hana hatsi tsirowa, yunwa ta kama duniya, dole aka ce a mayar da yarinyar. To ashe a can ƙasa an ba ta 'ya'yan rumman ta ci, kuma a dokarsu wanda ya ci abincin can ya zama ɗan can. Sai aka raba: ta yi wasu watanni wurin uwarta, wasu wurin wanda ya ɗauke ta. In ta dawo shuka ta fito, in ta koma ƙasa ta bushe."

Yaya ta dube shi.

"Duk shekara tana zuwa?"

"Duk shekara."

"To ai wannan ba mutuwa ba ce. Aure ne a nesa." Ta gyara zama. "Don 'yarta ta yi aure a nesa ta hana duniya hatsi. Da ita aka yi wa irin nawa fa?"

Ta sa gefen mayafi ta goge ido, sau ɗaya, shi ne kukan da na ga ta yi tun ranar jana'iza. Ta ce, "Tawa tana inda ya fi nan, in Allah Ya yarda." Muka ce amin, har da labule.

Sannan ta juyo kaina.

"Tun ranar farko na ji gari a bakina. Na yi shiru ne in ga iya inda za ku kai. Ban san hannu za ka kashe ba. Wa zai karantar a Aujara in ka nakasa? Daga yau rubutu da ruwa, aya ɗaya ta isa, yadda Baba yake yi. Kunu kuma a kawo shi a kunu. Amarya!"

"Na'am, Yaya."

"Fito, ina ganin ƙafarki. Akwai saura wanda ba a sa wa tawada ba?"

"Akwai a tukunya."

"Zubo. Ki sa tsamiya, dabinon nan ya ishe ni. Wannan kuma," ta tura wa Auta ƙwaryar mai ludayi a tsaye, "ba a zubar da ayar Allah. Shanye."

Auta ya yi bisimilla ya fara. Ya daɗe yana yi.

Aka kawo farin kunu. Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta kai baki, ta sauke ba ta sha ba. Ta sake kaiwa. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta sha kusan rabi, tana hutawa, ta ajiye ta ce gobe a tace gasarar da kyau. Da yamma ta ce a ɗebo mata tuwo kaɗan da miya mai ruwa, ta yi loma biyu ko uku, ta wanke hannu.

Washegari muka je asibiti. Likitar ta auna ta, ta duba idonta, ta tambayi me take ci. Yaya ta ce kunu, jiya kuma ta taɓa tuwo. Likitar ta ce to babu maganar kwanciya, a ci gaba a hankali. Tana rubutu ta ce, "Mama, me ya sa kika fara ci?"

"Hannun ƙanina ne ya kumbura," in ji Yaya.

Likitar ta dube ta, ta dube ni. Ta ce in miƙo hannun. Ta rubuta mini man shafawa, ta ce in huta da rubutu na ɗan lokaci.